Warin Takalmin Cinnaka

Warin takalmi ɗaya. Jakar makaranta da igiyarta ta tsinke. Gorar ruwa, ta baje kamar kwaɗon da mota ta bi ta kansa. Tef ɗin awo, wanda Tela ta fito da shi a wuya ba ta sani ba. Sai 'yarta, kwance a cinyarta a bayan motar Yaya, an naɗe mata ƙafar hagu da tsumman goge inji.

Yaya, wan mijinta, shi ke tuƙi. Mijin na gefensa, bai waiwayo ba tun da suka ɗauko ta daga shagon ɗinki. Abin da ya ce mata kawai shi ne, “Taso, Cinnaka ta ɗan ji ciwo.”

Shekarun Cinnaka tara. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan saboda ƙanƙanta da tsinin baki. Yanzu bakin a rufe yake, sai numfashi sama-sama.

A shataletale, asibiti yana hannun dama. Yaya ya karya hagu.

“Yaya, an bar hanya.”

“Na san hanya.”

“Asibiti fa?”

“Gida za mu. Na aika a kira mai ɗori.”

Ta dubi ƙeyar mijinta. “Baban Cinnaka, kana ji?”

“Ki yi shiru tukuna,” ya ce, idonsa a gilashin gaba.

“Wace mota ce? An tsare direban?”

Ta sunkuya ta dubi tsumman. Tsohuwar rigar mijinta ce, ita ta yayyanka ta da almakashinta ta ba su a gareji. Ta shafa kan yarinyar, yashi ya biyo tafin hannunta.

Garejin yana manne da gidan. Da suka tsaya, ta hangi Auta, ƙanin mijinta, ya durƙusa gaban jar tifa da tiyo a hannu yana wanke tayar gaba. Ƙarfe uku na rana, kuma motar cike da yashi. Ba a wanke tifa da kaya a kanta. Daga nan Tela ba ta sake tambayar wace mota ba ce.

Mai ɗori ya iske su a ɗakinta. Ya warware tsumman, ya ɗan ja baya.

“Ai ƙashin ya huda fata. Irin wannan, da an fara kai ta an wanke mata...”

Yaya ya dube shi. Mai ɗori ya haɗiye sauran maganar, ya ce a riƙe masa ita. Mijin ya danne kafaɗu, Yaya ya danne cinya. Ihun da Cinnaka ta yi sau ɗaya ne, daga nan ta sume. Aka jera ƙananan sanduna a kan raunin, aka ɗaure tam. Mai ɗori ya ce kada a kwance sai kwana bakwai.

Tsohuwa, uwar mazan uku, ta tara su a ɗakinta kafin la'asar. Tana kan kujera, Auta na zaune a ƙasa ya jingina da ƙafarta yana sharɓar kuka, gardi mai shekara talatin.

“Abin da ya faru ya faru,” ta ce. “Yarinya ta hau bene ɗebo shanya, ta zamo daga matakala. Abin da kowa zai ji ke nan.”

“Mama, ba daga bene ta faɗo ba,” Tela ta ce.

“Ke aka tambaya?”

Yaya ya gyara zama. Ya iya magana a sanyaye, irin ta mutumin da ya saba a bi shi. “Maman Cinnaka, ki fahimta. Asibiti in suka ga bugun mota, 'yan sanda suke kira. Auta ba shi da lasin babbar mota. Za a kulle shi, a kama tifa, a bi sauran motoci biyun da bincike. Bakin mutum goma sha huɗu ke ci daga motocin nan, har da naki.”

“Ƙafarta fa?”

“Ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe ne. Wata ɗaya ki ga tana tsalle.”

“Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar,” in ji Tsohuwa, tana shafa kan Auta. “Baffanta ne. Da gangan ya yi?”

Tela ta juya wajen mijinta. Yana ƙanƙare baƙin mai daga farcensa. Da suka fito ya miƙo hannu ya ce ta ba shi wayarta, kada mutane su dame ta da kira. Ta ba shi. Daga baya, duk lokacin da ta tuna, wannan miƙawar ce ta fi ci mata rai.

Washegari Cinnaka ta buɗe ido sosai. Ta sha ruwa, ta daɗe tana kallon silin.

“Mama, na saurara.”

“Kwanta.”

“Wallahi na saurara, yadda kika ce. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga har biyar. Ban ji komai ba.”

Tela ta ajiye kofin.

Titin gaban makarantar gangara ne, tun daga ramin yashi har kasuwa. Katangar makaranta ta ci kwanar titin, wanda ya fito daga ƙofa ba ya ganin abin da ke saukowa sai ya sa ƙafa a kwalta. Shi ya sa iyaye suka koya wa yara tsallakawa da kunne. Babbar mota tun daga nesa take shelar kanta.

Ban da motocin gidan nan. Kowace yamma Yaya yakan zura sanda mai tsaga-tsaga a tankin kowace tifa, direban da mansa ya yi ƙasa ya sha zagi a gaban kowa. Sai direbobin suka samo dabara. Da sun hau kan gangara su cire giya, su kashe inji, su bar mota ta sulalo da nauyinta, shiru kamar maciji. Birkin tifa da iska yake aiki, inji ne ke tara iskar. In inji a kashe yake, taku biyu uku ta ƙare, oda ma ba ta fita. Tela ta san wannan ne daga bakin mijinta, shi ne makanikin garejin. Sau nawa yana faɗa a kan abinci cewa wata rana sai an kwashi rai, Yaya yana dariya yana cewa mai ba ruwan rijiya ba ne.

Wata huɗu ke nan iyayen yara suna bin ofishin hanyoyi a yi musu tudun rage gudu da farin zanen tsallakawa. Malamar aji huɗu ce a gaba. Ofishin ya ce babban titi ne, ba a taɓa shi sai da takardar asibiti ko ta 'yan sanda mai nuna an yi hatsari a wurin. Yara uku aka taɓa bugewa a nan, iyayensu duk sun bar wa Allah, ba wanda ya karɓi takarda. Kafin a dace, mata suka raba kwana suna tare motoci da jan tuta, safe da lokacin tashi. Tela ce ta ɗinka tutocin. Ranar da abin ya faru Cinnaka ke da sharar aji. Kafin ta fito, matan sun naɗe tuta sun tafi ɗora girki.

A kwana na uku aka yi sallama. Tela ta gane muryar Malama ce, ta miƙe. Tsohuwa ta riga ta zuwa ƙofa, ta tsaya ta cika ta da jikinta. Tela ta leƙa ta labulen taga.

“Mama, ina wuni? Na ga ɗalibata kwana uku shiru, wayar mamanta kuma ba ta shiga.”

“Faɗuwa ta yi daga bene. Ƙiriniya. Tana barci.”

“Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Ko zan gan ta?”

“Mai ɗori ya hana a shiga kanta.”

Malama ta buɗe jaka ta ciro leda. “Shekaranjiya maigadi ya tsinci wannan a bakin kwalbati, ga jini a kwalta. Ya ce ko ƙarar mota bai ji ba. Mun bi aji-aji, ba wanda ya ce nasa ne. Na ce ko...”

Baƙin takalmi ne na roba, an kama maɗaurinsa da jan zare. Tela ce ta kama shi ranar Lahadi, don baƙin zarenta ya ƙare.

Tsohuwa ta karɓa, ta jujjuya, ta mayar. “Mu jikokinmu ba sa sa irin wannan tarkacen. Malama, ki ji da alli da allo. Bin gidajen mutane da takalmin bola ba aikin mai ilimi ba ne.”

Tela ta buɗe baki. A bayanta Cinnaka ta yi nishi. A gabanta Yaya ya fito daga gareji yana goge hannu, ya tsaya yana kallon tagar. Ta saki labulen. Ɗaya warin yana ƙarƙashin gado, cikin jakar makaranta.

Zazzaɓi ya sauka a kwana na huɗu. Mijin ya kawo ƙwayoyi daga kantin magani a ƙullin takarda, ba suna a jikinsu.

“Dubi yatsunta,” ta ce. “Sun kumbura.”

“Haka ɗori yake.”

“Kai makanike ne. In tiyo ya toshe ka san ya toshe. Taɓa ka ji sanyinsu.”

Bai taɓa ba. “Kina so in kai ɗan'uwana kurkuku da hannuna?”

“Ina so ka kai 'yarka asibiti.”

“Yaya ya ce a ba shi kwana bakwai.”

“Yaya ne ya haife ta?”

“Ki iya bakinki. Duk abin da kika ga muna da shi, har keken ɗinkinki, daga ina?”

Ya fita ya ja ƙofa. Ta ji shi a tsakar gida yana tambayar matar Yaya ko akwai sauran shayi.

Auta ya koma tuƙi a kwana na biyar. Tsohuwa ta ce zaman gida yana sa shi tunani, har ya rame. Da yamma ya shigo da kwalin biskit da 'yar tsana mai gashin roba, ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci da dabara, kamar yana sosa gashin baki.

“Cinnaka ba ki san na gida ba! Ya jiki? Tashi mana ki cije ni.”

Yarinyar ta juyo da kai a hankali. Leɓenta ya tsattsage.

“Baba Auta, me ya sa ba ka yi oda ba?”

Ya ajiye kayan a ƙasa ya fice. Ba a jima ba Tsohuwa ta faɗo ɗakin.

“Ke kike kitsa mata! Yaro ya zo da zuciya ɗaya kin sa ta watsa masa wuta, ga shi can ya kasa cin abinci. Wace irin zuciya gare ki? Ba kya yafiya?”

“Mama, ba kya jin wari?”

“Maganin mai ɗori ne. Ki kunna turare.”

Tela ta kunna. Warin ya bi ta ƙarƙashin turaren ya fito. Ƙudaje suka gano ɗakin. Tana zaune da mafici daga safe zuwa yamma, tana kora suna dawowa. Matar Yaya ta hana 'ya'yanta wucewa ta ƙofar, ta kuma ware wa ɗakin kwano da cokali.

A kwana na shida Yaya ya je taron iyayen yara. Ya dawo cikin nishaɗi, ya zauna a tsakar gida yana ba da labari da ƙarfi yadda za a ji.

“Na ce musu fenti a wuyana, gwangwani nawa suke so. Har da tafi. Amma tudu, na ce ku yi hankali. Mota mai kaya ta daki tudu a gangara, kifewa za ta yi a kan yaran naku. Wani ya miƙe zai yi gardama, aka tuna masa wa ya ba da yashin ginin katangar makarantar kyauta.”

“Ita mai takalmin fa?” in ji Tsohuwa.

“Ta ɗora shi a kan tebur kamar gawar ubanta. Wai duk mai shi ya taimaka ya fito, takarda ɗaya ce ta rage musu. Takalmi yana magana ne?”

Aka yi dariya. Tela ta saurara ko za ta ji muryar mijinta a ciki. Ta ji.

Mai ɗori ya dawo ranar bakwai da hantsi. Ya kwance ƙullin farko, ya kau da kai. Ya kwance na biyu, ya tsaya. Yatsun sun yi baƙi kamar an tsoma su a tawada, baƙin ya haura har idon sawu. Cinnaka ba ta yi kuka ba ko da ya latsa.

“Kina jin nan?”

“A'a.”

“Nan fa?”

“A'a.”

Tsohuwa ta tafa hannu. “Alhamdu lillahi, zafi ya tafi. Ban ce muku ba?”

Mai ɗori ya mayar da ɗaurin sako-sako, ya tattara jakarsa. A bakin ƙofa ya ja Yaya gefe, amma Tela na bayansu da kwanon wanke hannu.

“Alhaji, wannan ya fi ƙarfina. Yau ɗin nan, ba gobe ba.”

“A ƙara kwana uku mu gani.”

“Ni dai na faɗa. Kada a ce ban faɗa ba.” Ya ƙi karɓar abin da aka miƙa masa, ya tafi da sauri.

Tela ta ajiye kwanon ta sha gaban Yaya. Shekara goma sha ɗaya a gidan, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

“Ka ji abin da ya ce.”

“Na ji. Akwai wani mai ɗori a bayan gari, ya fi wannan hannu. Jibi zan aika.”

“Jibi.”

“In aka kai ta yanzu a haka, tambayar farko me ya sa aka ajiye ta kwana bakwai. Ke uwarta, me za ki ce? Ke ma sai kin yi bayani.” Ya yi murmushi. “Kin ga ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.”

Gaskiya ya faɗa. Ita ta miƙa waya. Ita ta saki labule.

Da gari ya waye Cinnaka ta fara kiran sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu su tsaya su saurara. Mazan sun fita tun bayan asuba. Tela ta ji tashin tifa uku, ta ji motar Yaya. Ta jawo jakar makaranta ta ƙulla igiyar, ta rataya a wuya. Ta durƙusa bakin gado ta jawo yarinyar bayanta, ta goya ta da zane biyu kamar jaririya. Ƙafar na reto a gefe. Jikin kamar garwashi, nauyin kuwa bai kai yadda ta zata ba.

Tsohuwa na zaune a bakin ƙofar gida a kan kujerar roba, carbi a hannu.

“Ina zuwa?”

“Asibiti.”

“Da izinin wa?”

“Mama, matsa.”

“Ni kike ce wa matsa? To ki ji da kyau. In kika taka waje da yarinyar nan, kin taka igiyar aurenki. Ni na haifi mijin naki, abin da na ce shi zai yi.”

“Na sani. Kwana takwas ina gani.”

“Za ki tona mana asiri a gari saboda ƙafa?”

Tela ta sa hannu ta kama kujerar, ta ja ta gefe da Tsohuwa a kai, ƙafafun robar suna kuka a siminti. Ta zare sakata. Zagin ya biyo ta har kwanar layi, har da uwarta da ke kabari.

Ba tasi a layinsu sai an fita babban titi, kuma sai an tsallaka. Ta iso gaban makaranta ana tsakiyar shiga aji. Mata huɗu a bakin kwalta da jan tuta, yara sun taru a bayansu. Malama na tsakiyarsu. Ta ga Tela, ta ga abin da ke bayanta, ta ga ƙafar.

Tela ta zuge jakar ta ciro warin takalmin ta miƙa mata.

“Ɗayan yana wurinki.”

“Innalillahi,” in ji wata mai sayar da kayan miya. “Maman Cinnaka, ashe ke ce? Kina gida kina jin mu muna ta yawo da takalmi?”

“Ni ce.”

“Ku bar ta,” Malama ta ce. “Ku tsayar da mota.”

Matan suka ɗaga tuta za su shiga titi. Maigadi ne ya daka tsawa daga kan dakalinsa, inda ake hango kwana. “Ku koma! Ku koma baya!”

Ba a ji komai ba sai shuuu na tayoyi. Jar tifa ta ɓullo daga bayan katanga cike da yashi, ta wuce ta gaban tutocin har iskarta ta kaɗa su. Auta ne a sitiyari. Ya ga matar wansa da goyo, ya mayar da kai gaba. Sai can ƙasa wajen kasuwa aka ji injin ya tashi.

Matan suka tsaya cirko-cirko. Maigadi ya sauko yana riƙe da hularsa. “Shi ya sa ban ji ba,” yake ta faɗa. “Shi ya sa ban ji ba.”

Malama ta tare tasi, ta shiga tare da su.

Likitar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta yanke ɗaurin da almakashi, ta duba, ta ɗago.

“Kwana nawa?”

“Takwas.”

“Kina ina?”

“Ina zaune a gefenta.”

Likita ta dube ta ɗan lokaci, ba ta sassauta fuska ba. “Da ranar kuka zo, gyara ne da allurai. Yanzu sai dai mu tsere da ranta. Daga ƙasan gwiwa za mu cire. Ina uban?”

“Ni zan sa hannu.”

Ana tura gadon zuwa ɗakin tiyata suka iso, Yaya a gaba, mijin a baya, Tsohuwa na jan ƙafa. Ma'aikaciyar jinya na zaune da takarda tana tambayar Tela yadda aka yi. Mijin ya matso ya sunkuya daidai kunnenta, warin man inji na tashi daga rigarsa.

“Ki ce daga bene. Don Allah. An riga an zo asibitin, kin samu abin da kike so. Ki ce daga bene.”

Bai tambayi inda aka kai yarinyar ba.

“Tifa ce,” Tela ta ce wa ma'aikaciyar. “Ja. A ƙofar makaranta, ranar Litinin ɗin da ta wuce, wajen biyu da rabi. Injin a kashe yake.” Ta faɗi lambar motar ba ta yi tuntuɓe ba. Ita ta ɗinka wa kujerunta riga.

“Kin san direban?”

“Ƙanin mijina ne.”

Tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, tana kiran Auta, Auta, har masu jinya suka leƙo. Yaya ya ciro waya ya yi waje da sauri.

Sai bayan la'asar aka fito da Cinnaka. Ɗaki ne mai gado shida, nata na kusa da ƙofa. Bargon ya tashi a dama, a hagu ya kwanta tun daga gwiwa. Malama ta koma makaranta ta dawo da ledar, ta ajiye takalman biyu a kan lokar gefen gado, ta ce gobe ƙarfe tara iyaye za su hallara a ƙofar ofishin hanyoyi, amma in Tela ba za ta iya ba kowa zai fahimta. Likita ta riga ta sa hannu a takardar hatsarin. Tela ta ninke ta huɗu ta soke a zaninta.

Yaya da mijin da Tsohuwa suka dawo su uku, suka tsaya a baranda. Tela ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya sauke murya. “An tafi da Auta. An ɗaure motoci. Hankalinki ya kwanta? To har yanzu da gyara. Ki ce ruɗewa kika yi. Ita kuma takardar, kada ta je hannun matan nan. In aka kafa tudu a gangarar nan da sunan gidanmu, mun zama abin nuni har jikoki. Zan sa a yi mata ƙafar roba mai kyau, irin ta waje.”

“Ƙaddara ce,” mijin ya ce. “Ko asibitin aka zo, abin da Allah ya rubuta...”

“Mota ƙaddara ce, na yarda,” Tela ta ce. “Kwana takwas ɗin kuwa, mu muka yi su. Da ni a ciki.”

Tsohuwa ta share hanci da gefen mayafi. “Jininku ɗaya da yaron nan ta wajen 'yarki. Na gaya miki tun farko, hannunka ba ya ruɓewa...”

“Yana ruɓewa, Mama. Shiga ki ɗaga bargo ki ga yadda ake yi da shi.”

Ba wanda ya motsa. Ta ba su lokaci, ta ma matsa gefe ta bar musu hanya. Mijin ya kalli gadon daga nesa, ya kalli wansa, ya tsaya inda yake.

“Baban Cinnaka, ka aiko min da wayata da kekena gidan yayata. Gobe ƙarfe tara ina ofishin hanyoyi da takardar nan da takalman nan, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa yadda ake sauko da tifa a gidanku. Ni da ita ba za mu sake kwana a can ba.”

Ta koma ciki ta rufe ƙofar.